Hannu a Kan Rago

Laraba, 28 ga Mayu

Muƙamuƙin Auta ya karye wuri biyu. Likita ya ɗaga hoton ga fitila yana bi da biro, kamar ni ban san ƙashi ba. Tun ina saurayi nake fasa kan shanu a mayanka, na san irin bugun da ke yin wannan. Ba mari ba ne. Mijinta ne, Akawu, da dutsen guga. Wai ta ƙona masa wuyan riga.

Sun ɗaure mata haƙora da waya, na sama da na ƙasa. Ba tauna, ba magana, sai abin da ya bi ta bututun roba. Fuskar ta kumbura har ban gane 'yata ba sai da na ga kunnenta. Uwarta na ta kuka a bakin gado. Ni ban yi ba. Na fita baranda na riƙe ƙarfe har yatsuna suka mutu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na je gidansa. A kulle. Ya yi sa'a.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ashe coci ya gudu. Ana gama wa'azi sai ga shi a gaba, ya durƙusa, farar riga fes, an goge ta kuwa, ban san wa ya goge masa ba. Hawaye shaɓe-shaɓe. Wai fushi ne ya rinjaye shi, wai Shaiɗan ne ya shiga gidansa. Bai ce dutsen guga ba. Bai ce muƙamuƙi ba. Mata suka yi ta sharar hanci. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce babu zunubin da jinin Almasihu bai isa ya wanke ba.

Yau kuma Jibin Ubangiji, ranar da ake raba wa masu bi gurasa da ɗan ƙoƙo. Kuma shi yana cikin masu raba faranti, dama aikinsa ne, ba wanda ya tuna ya cire shi. Ya zo layinmu ya miƙo mini gurasa da hannun nan na dama. Na kalli hannun. Na san inda zan sa wuƙa ya rabu da gwiwar ba tare da na taɓa ƙashi ba, abin da na tsaya tunani ke nan a cikin ɗakin Allah.

Ban ɗauka ba. Shi ya ɗauki tasa ya tauna, ina jin haƙoransa. Auta ko leɓe ba ta iya buɗewa.

Talata, 3 ga Yuni

Wani bijimi ya tsinke igiya da safe. An riga an fara yanka shi, maƙogwaro a buɗe, ya tashi da gudu yana feshin jini a bango, ya ture daro, ya take ƙafar mai wanki. Kowa ya haye katanga. Ni na tare shi da gatari. Bugu uku ya ishe shi, amma ban tsaya ba, sai da Gurgu ya riƙe mini riga. Gurgu shi ne mai fiɗa, tare muka tsufa a wurin nan. Ya ce, "Ya mutu tun ɗazu, kai da wa kake?"

Na ɓata kan sa ɗaya. Mai shi ya yi ta masifa, da gaskiyarsa.

Laraba, 4 ga Yuni

Uwar Auta ta matsa sai na je nazarin Littafi Mai Tsarki na yamma a coci, wai ko zuciyata ta sauko. To, ta hau ne.

Fasto yana bi da mu ta dokokin hadaya na Isra'ilawa. Ni duk zamana na ɗauka firist, malamin da ke kula da hadaya, shi ke yanka, mai laifi ya tsaya gefe ya naɗe hannu. Ashe ba haka ba ne. Kai mai laifin, kai za ka zaɓo dabba daga garkenka, lafiyayya, wadda ba ta da ko tabo. Kai za ka ja ta har ƙofa. Ka ɗora hannunka a kanta, ka danna. Sannan kai za ka yanka. Firist jini kawai yake tara ya watsa a jikin bagadi, wurin ƙona hadayar. A feɗe, a yanyanka, a wanke hanji da ƙafafu, kitse da ƙoda su tafi wuta.

Wannan kam na gane shi sarai. Sauran mutane suna yatsina fuska, ni ina jin warin. Na san ɗumin kan rago a tafin hannu. Na san yadda yake shure-shure, da yadda jini ke tsartuwa har cikin hammata. Mutumin da ya yi haka saboda laifinsa, ya koma gida da jini a farce, zai sake tunani kafin ya ƙara.

Na ɗaga hannu. Na ce to mu yanzu fa, sai mutum ya zo da farar riga ya yi kuka, a miƙa masa ɗan ƙoƙo, shi ke nan? Kowa ya san da wa nake.

Fasto ya ce, "Baban Auta, duk ragunan can inuwa ce. An yi ta yanka su shekara da shekaru ba su canza zuciyar kowa ba. Shi ya sa aka yi guda ɗaya, ta Almasihu, sau ɗaya, aka rufe. Yanzu kanmu muke kawowa, da rai."

Na ce ta yi arha.

Ya ce ba arha ba ce, wani ne ya biya.

Na ce eh, 'yata. Na tashi na fita.

Asabar, 7 ga Yuni

An sallamo Auta, tana ɗakinta na da. Uwarta ta dama abu ta tace sau biyu, ita kuma ta zuƙa ta gefen baki, rabi ya zubo a ƙirji. Ta rame. Likita ya ba mu ɗan almakashin yanke waya, ya ce idan amai ya taso a yanke nan take, in ba haka ba zai shaƙe ta. Yana rataye a ƙusa saman gadonta. Na kan tsaya in kalle shi.

Da la'asar dattawan coci biyu suka zo. Babbansu kawun Akawu ne, wanda kowa ke kira Dattijo, mai muryar nan kamar ana shafa mai. Suka sha ruwa, suka yi addu'a doguwa. Sannan Dattijo ya ce yaro ya tuba a gaban ikilisiya, ikilisiya ta karɓa, saura mu. A ƙarshen wata Auta ta koma ɗakinta. Ya ce aure ba a raba shi. Ya ce haƙurin mace shi ne hadayarta ga Ubangiji.

Ina zaune da wuƙar yankan lemo a hannu. Ƙarama ce, amma ni ba ni da wuƙar da ba ta ci. Uwar Auta ta zo ta zare ta a hankali ta tafi da ita kicin.

Litinin, 9 ga Yuni

Tunkiya goma sha biyu, akuya ban ƙirga ba. Duk wadda na kwantar, wuyan Akawu nake gani.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na kira shi. Ya ɗauka yana ta cewa, "Baba, ina wuni, Baba." Na ce idan yana son a yi maganar komawar Auta, ya same ni a mayanka ranar Asabar bayan an tashi aiki, ya zo da rago. Nasa, da kansa zai zaɓo, kada ya aiki kowa. Ya ce na mene ne. Na ce zai gani.

Ba kashe shi zan yi ba. Na rubuta nan don in gani da idona. So nake ya ji abin a hannunsa, ya yi amai, ya yi kukan gaskiya ba na coci ba. Idan na ga haka, ban sani ba, wataƙila in iya barci.

Asabar, 14 ga Yuni

Zan rubuta yadda ya faru, ba ragi.

Ya zo da rana tsaka, an wanke daɓe, sai ƙudaje da Gurgu yana goge ƙugiyoyi. Ragon mai kyau ne, fari, ban hana shi wannan ba. Na kayar da shi bakin kwata na ɗaure ƙafafu. Na ce wa Akawu ya durƙusa. Ya duba daɓen, ya ɗan ja wando sama, ya durƙusa.

Na ce sa hannu a kansa. Ya ɗora kamar mai taɓa tukunya da zafi. Na ce danna. Na ce faɗi abin da ka yi.

"Na yi wa matata laifi."

Na ce faɗi.

"Na buge ta."

Da me?

Ya ce, "Da dutsen guga."

Na ba shi wuƙata. Bai iya ba, ya fara daga sama kusa da haɓa, yana gurzawa kamar mai yankan katako. Ragon ya yi wani irin kuka da ban taɓa bari dabba ta yi a hannuna ba. Jini ya tsarto masa a fuska, a baki, farar rigar ta tashi daga aiki. Ƙafafu suna dukan daɓe. Na ce kada ka cire hannun, ka ji shi har ya tafi. Bai cire ba. Ina kallon fuskarsa, ina jira.

Da ragon ya yi shiru sai ya miƙe. Ya tofar, ya goge ido da bayan hannu. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke buhu. Har da ɗan murmushi, Allah ya sani.

Ya ce, "Shi ke nan, Baba? Na fita? To yaushe zan zo in ɗauke ta?"

Daga nan ban san tsarin abin ba. Na san na kama wuyan hannunsa na dama na ja shi har kututturen da muke sara ƙashi. Na san na shimfiɗa hannun a kai na danne da gwiwa. Adda tana wurin. Na ɗaga ta da kaifin a ƙasa, wannan na tabbata. Da ta sauka, bayanta ne ya sauka. Ko ni na juya ta, ko jiƙar hannuna ce ta juya ta, ban sani ba. Sau biyu. Na ji ƙasusuwan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ƙarar da na saba da ita. Ihunsa ya fi na ragon.

Gurgu ya rungume ni ta baya, da ƙafarsa ɗaya da rabi, muka faɗi tare cikin jini. Yana ce mini, "Ya isa, ya isa, mutum ne." Shi ya tare mota ya kai shi asibiti.

Na feɗe ragon, don ba a barin nama ya lalace. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ban je coci ba.

Jiya da na dawo ban canza kaya ba, na wuce ɗakin Auta kai tsaye. Ina jin kaina kamar wanda ya kawo tsaraba. Na ce mata hannun da ya taɓa ki ba zai ƙara riƙe ko cokali ba. Na ɗaga nawa in nuna mata yadda na yi.

Ta ja da baya ta manne a bango, ta kare fuska da hannu biyu. Ni. Ni ta kare wa fuska.

Yau ba ta fito ba sam. Na ji ta murɗa makulli da na wuce ƙofar.

Talata, 17 ga Yuni

Ƙashi huɗu, in ji Gurgu. Yatsa biyu ba lallai su ƙara lanƙwasa ba. Shi kuwa aikin akawu yake yi, da biro yake ci.

Na ce madalla. Gurgu ya ci gaba da jan fata. Can ya ce, "Kai da ka fi kowa zubar da jini a garin nan, me ya gyara maka?" Na ce ya kula da aikinsa kada ya huda fatar mutane.

Asabar, 21 ga Yuni

An kira mu ofishin coci, ni da uwar Auta. Auta ta ce sai ta zo, ta naɗe fuska da mayafi. Akawu yana can kusurwa, hannu a naɗe har gwiwa, rataye a wuya. Bai ɗago ba.

Dattijo bai shafa mai yau ba. Ya ce suna da takardar likita, suna da mai motar da ya ɗauko shi. Abin da na yi, ɗauri ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba, kuma a shekaruna ba lallai in fito da ƙafata ba. Amma su masu gafara ne. Idan Auta ta koma ɗakinta ƙarshen wata, magana ta mutu, ba wanda zai taka caji ofis. Jini ya biya jini, in ji shi, a rufe.

Fasto ya ce wannan ba sulhu ba ne, ciniki ne, ba zai sa hannu ba. Ya ce shi ma ya yi gaggawa ran nan da ya bar yaron ya riƙe faranti, ko a dokar Isra'ilawa sai ka gyara abin da ka ɓata wa ɗan'uwanka kafin ka kawo rago. Dattijo ya ce ba ikilisiya ke magana yanzu ba, dangi ne.

Na tashi. Kujerar ta faɗi. Na ga wuyan Dattijo, jijiyar nan ta gefe tana harbawa, taku biyu ne tsakaninmu.

Sai na ji murya ta cikin haƙora, kamar ana magana daga bayan ƙofa. Auta ce. Kalma ta farko da na ji daga bakinta tun asibiti.

"Zan koma."

Uwarta ta ce ke, rufe bakinki. Ta sake cewa, "Zan koma. Ku bar Baba."

Lahadi, 22 ga Yuni

Ta fara haɗa akwati.

Talata, 24 ga Yuni

Na roƙe ta ta buɗe ƙofa. Ta buɗe. Na zauna a ƙasa nesa da ita, na sa hannuwana ƙarƙashin cinya don ta gan su a ɓoye. Na ce ba za ki koma ba, ko zan kashe su duka. Ta rufe ido, na gane na sake ɓatawa.

Maganarta a hankali take fita, kowace kalma da ciwonta. Ba zan iya kawo duka ba. Ta ce shi ya buge ta don riga. Dattawa suna so su miƙa ta don a ce coci lafiya. Ni kuma na karya hannu don zuciyata ta huce. Ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Baba. Ko kai." Ta ce da ban taɓa shi ba, da ta riga ta yanke shawarar zuwa wurin 'yan sanda da takardar likitanta, ita da uwarta, suna jiran a cire wayar ne kawai ta iya bayani. Yanzu idan ta je, su ma za su je.

Ban san da wannan ba. Ban tambaya ba.

Na ce to ki je mana, ki bar ni da su. Ta ce, "Ba za ka iya kurkuku ba. Ni na saba."

Na saba. Haka ta ce. Wato ba ranar dutsen guga aka fara ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Na kwantar da wata 'yar akuya da safe, na dafa kanta kamar kullum don kada ta motsa. Ɗumin ya shigo tafin hannuna. Na daɗe a haka har mai ita ya ce lafiya.

Laifin nawa ne. Wuyan nata ne. Irin abin da na zauna a coci ina sha'awa ke nan, mai laifi ya kawo lafiyayya daga gidansa, wadda ba ta yi komai ba, ya ɗora mata hannu, shi ya koma gida a tsaye. Na yi ta zagin Akawu da arha, ga shi ni za a saya wa 'yanci da 'yar cikina.

Na miƙa wa wani wuƙar ya ƙarasa. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na je gidan Fasto. Ba don wa'azi ba, na gaya masa tun daga ƙofa. Tambaya ɗaya na yi: idan mutum ya kai kansa kafin a kai shi, me ya rage a hannun masu barazana? Ya ce babu. Ya ce amma in sani za su iya riƙe ni. Na ce na sani, ni ba yaro ba ne.

Ya fara cewa wani abu game da Almasihu da ya miƙa kansa, na ce ya dakata, kada ya haɗa ni da manya. Ni mahauci ne da ya karya hannun mutum. Ya yi dariya, ya ce zai raka ni. Na ce ba na bukata. Ya ce bai tambaye ni ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Na naɗe wuƙaƙena a buhu na ba Gurgu ajiya. Ya ce har yaushe. Na ce ya dai riƙa shafa musu mai.

Uwar Auta ta yi kuka, ta zage ni, ta ce tsohon banza mai taurin kai, sannan ta tambaya ko in tafi da rigar sanyi.

Litinin, 30 ga Yuni

Yau ce ranar da suka sa mata.

Na yi aski, na sa rigar Lahadi. Na ƙwanƙwasa ƙofar Auta na gaya mata daga waje, don kada ta ga kamar umarni na kawo. Na ce zan je caji ofis in faɗi abin da na yi wa hannun Akawu, duka, har da cewa kaifin na fara ɗagawa. Na ce daga nan ba wanda ke da abin riƙe ta da shi. Komawa ko zama, zuwa da takardarta ko bari, nata ne, ba zan ƙara cewa uffan ba.

Sai na ji makulli. Ta fito ta tsaya tana kallona. Ta ce wuyan rigata ya lanƙwashe, ta sa hannu ta gyara. Ban motsa ba, ko numfashi ban yi ba.

Fasto ya iso, ya ce a yi addu'a kafin mu fita. Ban rufe ido ba. Har yanzu ina ganin abin ya yi wa wasu sauƙi, ban canza magana ba. Da ya gama dai wani ya ce amin da muryata, bakina ne ya riga ni.

Yana jira a waje, yana ta duba agogo. Daga nan ina jin Auta da uwarta a ɗaki, suna buɗe durowa suna mayar da kayan da ta haɗa a akwati.